Rawar da Na Taka a Bikin Ɗiyar Fari

Ni dai tun da nake ban taɓa kiran ɗiyata ta fari da sunanta ba, kuma ko a nan ba za ku ji shi daga bakina ba. Haka na taso na gani a Maraɗi. Innarmu ba ta taɓa kiran Yayata da suna ba, sai "ke" ko "waccan", in kuwa baƙi suka yabe ta sai Inna ta kau da kai ta kama gyaran murhu. Ɗan fari na dangi ne. Ba ka ɗaukarsa gaban mutane, ba ka yabonsa, in ya faɗi ka bari wani ya ɗaga shi, ranar aurensa kuma ka nemi ƙuryar ɗaki ka shige. Kunya ke nan, kuma a wajenmu ado ce. Da wannan adon na sauka Faransa, na haifi yarinyar a nan, na rene ta a wani dogon bene a unguwar Stains da ke gefen Paris, inda babu kaka babu goggo da za su yi mata abin da ni aka hana ni yi.

Sana'ata sarin mayafai da leshi a Aubervilliers, in sayar wa matan unguwa, in tura saura gida. A cikin manyan rumbunan kaya na kasuwar can akwai wata tsohuwa Bayahudiya da muka daɗe muna ciniki, gajera, mai faɗa kamar ni, haifaffiyar Maroko. Madam nake ce mata, ita kuma ta ce mini Hajiya da irin nata harshen. Na yi shekaru ina tausaya mata a zuci, tsohuwa da jikoki tana yawo kai ba ɗankwali, sai ranar da zafi ya dame ta ta ɗan gyara gashin da hannu biyu na ga ya motsa gaba ɗaya. Ashe gashin nan shi ne lulluɓinta, na ainihin yana ƙasa a ɓoye. Na ce lallai kowa da irin tasa suturar.

Mijinta dogo ne siriri, gemu fari har ƙirji, baƙar hula, ba ya gaisawa da mata da hannu, abin da ya sa tun farko na ji ya kwanta mini. Aibinsa ɗaya, waƙa. Waƙar ma ba kalma ko ɗaya a cikinta, sai "ya-ba-bai, ya-ba-bai", yana jera kwalaye yana yi, yana ɗaure kaya yana yi.

Wata rana bututun ruwa ya fashe a saman rumbunsu, ya jiƙa leshi mai yawa. Na ji labari na yafa mayafi na tafi jaje, na shirya fuskata tun daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ina shiga na tarar da tsohon nan ya naɗe ƙafar wando, ruwa har idon sawu, ya ɗaga hannuwa sama, ido a rufe, yana juyawa yana waƙarsa. Na ce innalillahi, asara ta taɓa masa kai. Na ja Madam gefe na rage murya na ce mata ina da wani malami a Stains mai rubutun sha, ya iya irin wannan lalurar, kuma ba ya tambayar addinin mutum.

Madam ta yi dariya har ta zauna kan jiƙaƙƙen kwali. Da ta samu numfashi ta ce mini lafiyarsa lau, ibada yake yi. Ta ce su a ɗariƙarsu malamansu na dā sun koyar da cewa farin ciki aiki ne da bawa ke yi wa Ubangijinsa, kamar addu'a, kamar sadaka. Wai tun farkon halitta akwai ɗan tartsatsin haske da ya warwatsu ya maƙale a cikin kowane abu, a cikin abinci, a cikin ciniki, har a cikin asara, kuma aikin ɗan Adam shi ne ya ɗaga shi ya mayar wa Mai shi. Zuciyar da baƙin ciki ya danne kuwa ko kanta ba ta iya ɗagawa. Na ce to in mutum ya duba zuciyar bai ga farin cikin ba fa? Ta ce sai ya fara da ƙafa, zuciya za ta biyo baya.

Na ce, "Madam, kowa da addininsa, amma leshin nan dai ya jiƙe."

Ta ce, "Ya jiƙe mana. Da ya zauna yana kuka da ya ƙara masa ruwa."

Na koma gida na ba Alhajina labari muka sha dariya, na manta da zancen.

Yarinyar nan tawa kuwa Allah ya yi mata kai. Ta tafi Lyon ta karanta harhaɗa magunguna, ta gama, ta samu aiki, ta kuma samo miji da kanta, ɗan mutanen garin Tawa da ke zaune a Les Minguettes, wata unguwa a gefen Lyon, yaro mai ladabi. Aka sa rana, aka ce a can Lyon za a yi taron. Ni murna kamar ta fasa mini ciki, amma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, na haɗiye abina. Na aika wa Yayata kuɗin jirgi ta taso daga Maraɗi don ta tsaya a matsayin uwa, kamar yadda ake yi.

Ana saura 'yan makonni yarinyar ta kira ni. Hausarta ta 'ya'yan nan ce, rabi Faransanci. Ta ce, "Mama, wace kala za ki sa? Ina so mu shiga zauren tare, ki riƙe mini hannu."

Na ce, "Wa? Ni? A gaban surukai? Ke, ki kiyaye ni. Ni ina ɗakin baya, Yaya ce za ta shiga da ke."

Sai ta ce da Faransanci, murya a sanyaye, ai dama ta sani. Ta ce tana tune da ranar raba kyaututtuka a lakwal, wato makaranta, tana ƙarama, ranar da ta zo ta ɗaya, malamarsu ta tambaye ni me ya sa ban tafa ba, ban rungume ta ba, na ce wa malamar "j'ai honte". Ta ce tana tsaye riƙe da kyautarta ta ji da kunnenta. Sai ta tambaye ni, har yanzu haka ne?

Ni Faransancina na kasuwa ne. A kasuwa aka ce mini kunya ita ce "honte", na karɓa na sa a jaka. Don haka na ji tambayar ta ba ni haushi ma, yarinya ta girma har za ta yi aure ba ta san abin da kowace jaririya ta sani a Maraɗi ba. Na ɗaga murya na ce mata ƙwarai kuwa, "honte" ɗinta nake ji, tun ranar da aka haife ta nake ji, kuma har in mutu ba zan daina ba.

Ta ce, "To, Mama, ba sai kin wahalar da kanki kin zo ba." Ta kashe waya.

Na kira ba ta ɗauka ba. Na sake kira, shiru. Na ce wa Alhaji ka ga ɗiyarka, shi kuma da yake tasa kunyar ta fi tawa, sai ya ce wace ɗiya, ya ƙara ƙarar talabijin.

Washegari na tafi Aubervilliers da cikina fal faɗa, na zazzage wa Madam komai tun kafin in zauna. Na ce 'ya'yan zamani ba su da ta ido, uwa ta gaya maka tana jin "honte" ɗinka, maimakon ka ji daɗi sai ka kashe mata waya. Madam ta ajiye almakashin da ke hannunta. Ta ce, "Me yarinyar ta yi? Sata?"

Na ce Allah ya kiyaye.

"Ta kashe wani da magani?"

Na ce, "Madam, bakinki ya sari ɗanyen kashi. Yarinyar da ba ta taɓa sa ni magana ba."

"To don me ta zame miki abin kunya?"

Na ce wa ya ce ta zame mini abin kunya? Kunyarta nake ji. Ta ce ai shi ke nan abin da ta faɗa. Na ce a'a. Muka yi ta jan zancen kamar masu cinikin leshi, ni ina bayani da hannu da ƙafa, ina rufe fuska da mayafi ina nuna mata, ina kawo misalin amarya da surukinta, har tsohon ya daina waƙa ya tsaya saurare daga nesa. Can Madam ta dafe kai da hannu biyu har gashin ya karkace. Ta ce abin da nake nufi yana da wata kalma daban a Faransanci, "pudeur", kalmar da ba wanda ya taɓa sayar mini da ita a kasuwa. Wadda nake ta faɗa kuwa ita ce ta ɓarawon da aka kama, ita ce ta uwar da ke fatan da ba ta haifi ɗan ba.

Na zauna kan kwali ina ganin yarinyar nan da 'yar rigarta ta lakwal da kitson da na yi mata da hannuna. Tun tana wannan shekarun take ɗauke da maganar, ta yi ta zuwa ta ɗaya, ta yi ta kawo takardu tana ajiye mini, ni kuma ina kau da kai ina jin kaina cikakkiyar uwa. Jiya kuma na ƙara mata da cewa har in mutu. Na yi kuka a rumbun mutane, ban ɓoye ba.

Na ce bari in kira ta in warware mata. Madam ta ce in kira, amma abin da ya shekara ashirin yana zaune ba zai tashi da bayanin kalma a waya ba, yarinyar za ta ce na samo wayo ne. Ta ce, "Ido ne bai gani ba, ido za ki nuna wa. Ki je ki yi mata rawa."

Na ce, "Rawa? Uwar amarya? Ɗiyar fari? Madam, so kike a kai labarina Maraɗi a cikin waya?"

Ta ce su a wajensu faranta wa amarya rai wajibi ne, manyan malamai masu furfura sukan rufe littafi su tashi su taka a gabanta, kuma ba wanda ke cewa girmansu ya zube, lada suke nema. Na ce mu ma ai an ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, amma ba a ce shimfiɗar ƙafa ba. Na kuma ce mata ita tana da sauƙin magana, mutanen da ke rawa a cikin ruwa ba su san damuwa ba.

Ba ta yi fushi ba. Ta nuna mini wani ɗan hoto da ke manne jikin bango bayan teburinta, saurayi mai gemu sabon fitowa, wanda na sha gani ina zaton ɗan'uwan mijin ne yana yaro. Ta ce ɗansu ne na fari, ciwo ya ɗauke shi ana shirin aurensa. Ta ce tsohon nan ya yi wata da watanni ba ya magana, kuma ranar da ya fara tashi ya taka, yana yi hawaye na bin gemunsa. Ta ce, "Ni ban samu na yi rawa a bikin nawa ba. Ke taki tana raye, kina neman ɗakin baya."

Na miƙe tsaye. Na tuɓe takalmi.

Ni rabona da rawa tun ina budurwa a dandali, gwiwoyina kuma sun daɗe da yin ritaya. Don haka duk ranar da na je sari sai Madam ta ja ni bayan rumbu tsakanin kwalaye ta koya mini irin tasu ta mata, a riƙe hannu, a yi gefe, a harɗe ƙafa, a ɗan yi shuri, a zaga. Tsohon ba ya kallon mata na rawa, sai ya fita bakin ƙofa ya juya mana baya yana fuskantar titi, yana rera mana "ya-ba-bai" da ƙarfi, masu tura kaya suna ratsa shi suna kallonsa. Madam tana faɗa, "Hajiya, fuskar fa? Ƙafa tana biki, fuska tana zaman makoki." Ni kuma ina ce mata ta bar ni in ji da abu ɗaya.

Na tura wa yarinyar saƙon murya mai tsawo na bayanin kalma. Amsar da ta dawo "to" ce kawai.

Ranar biki muka shiga jirgin ƙasa zuwa Lyon ni da Yaya da Alhaji. Yaya, wadda ko a Maraɗi ita ce alƙaliyar al'ada, tun daga Paris take karanta mini dokoki. Kar in fito, kar in yi dariya, in an zo gaishe ni in rufe fuska, in an yabi amarya in ce ban san ta ba. Na ce to, Yaya.

An kama wani zauren taro a gindin dogayen benayen Les Minguettes, aka fara bayan azahar. Ni aka kai ni wani ɗan ɗaki bayan kicin, inda aka tara rigunan sanyin baƙi da kwalayen lemo, aka ba ni kujera. Ina jin guɗa, ina jin maroƙiya tana jero kakanninmu, ina jin kalangu daga na'urar mai sa kiɗa. Na tura ƙofar kaɗan na leƙa. Ga ɗiyata can kan kujerar amare, ta yi kyau har na ji tsoro, tana yi wa kowa murmushi da leɓe kawai. Ta san inda nake, kuma ko sau ɗaya ba ta juyo wajen ƙofar ba. Labarin zuciya a tambayi fuska. Na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na yi bisimilla, na ɗaure mayafi a ƙugu na fita.

Nufina in yi 'yar rawarmu ta gida, ta manya, a hankali, kafaɗa da ɗan taku. Amma da na tsinci kaina tsakiyar fili, ido ya yi mini yawa, kaina ya ɗauke, ƙafafuna suka koma ga abin da suka sani na kwanan nan. Na cafki hannun uwar ango, baiwar Allah tana tsaye da farantinta, na ja ta gefe, na harɗe ƙafa, na yi shuri. Ita kuma don kar ta faɗi ta cafki wata Baturiya abokiyar aikin amarya. Baturiyar ta ɗauka al'ada ce, ta cafki ta kusa da ita. Kalangu yana nasa, ni ina nawa, sai ji na yi bakina yana "ya-ba-bai, ya-ba-bai" da iyakar muryata. Maroƙiya ta tsaya a tsakiyar sunan kakana, baki buɗe. Na ji wata daga cikin matan Tawa tana ce wa 'yar'uwarta sabuwar rawar Paris ce, bara ma ta gan ta a waya.

A shuri na gaba takalmina ya fita ya tashi sama ya sauka cikin tiren dambu.

Yaya ta keto taro, fuska kamar hadari, ta damƙi wuyan hannuna tana cewa a kunnena, "Kin haukace? Ɗiyar fari ce fa." Ni kuwa Madam ta koya mini cewa hannun da ya shigo ba a sakinsa. Na juya hannu na riƙe nata gam, da'ira ta ja, Yaya ta tafi gefe tana zagina, ta harɗe ƙafa tana zagina. Muka zaga kujerar amare, muka sake zagawa. A wani zagayen na waiga na ga zagin ya tsaya, Yaya tana takawa da gaske, hawaye yana wanke mata kwalli. Sai a lokacin na tuna ita ma ɗiyar fari ce, kuma Inna ta rasu ba ta taɓa riƙe mata hannu a gaban kowa ba.

Maganar Madam kuma ta tabbata, ko da yake ba zan gaya mata ba don kar ta ƙara mini kuɗin leshi. Na fara da tsoro da kunya zalla, amma ana cikin zagawa wani daɗi ya taso mini daga tafin ƙafa har ƙirji, irin wanda ban taɓa bari na ji ba. Waƙar tsohon ta ɓace daga bakina, na ji kowane taku ina cewa alhamdulillahi. Na dubi ɗiyata ido cikin ido a gaban surukai da baƙi da masu ɗaukar hoto, na yi mata dariya da duk haƙoran da suka rage mini.

Daga nan gwiwar hagu ta ce ita iyakarta ke nan. Na zube kan wata kujera ina haki, ƙafa ɗaya ba takalmi.

Sai ga amarya ta sauko daga kujerarta, abin da ba a yi, ta ratso mutane da doguwar rigarta ta durƙusa gabana. Ta kama gwiwar tana murzawa, tana dariya tana kuka, kwalliyar da aka ɓata rabin yini ana yi tana narkewa. Ta ce, "Mama, wace irin rawa ce wannan?"

Na ce, "Ta ibada ce. Murza a hankali."

Ta yi ta murzawa, kanta a ƙasa. Can ta ce, ba ta ɗago ba, "Ranar da kika haife ni, kin yi murna?"

Matan Maraɗi suna tsaye kewaye da mu, Yaya ma tana nan tana share ido. Na ce wa ɗiyata a ranar, mata 'yan garinmu sun cika ɗakin likita da barka, ni na juya fuska bango, ko kallon gadonta ban yi ba, kowa yana yaba hankalina. Da aka kore su lokacin cin abincin rana, na lallaɓa na sauko da ɗinki a jikina, na ɗauke ta, na kwance zanen da aka naɗe ta, na sumbaci tafin ƙafarta ɗaya bayan ɗaya, na yi ta zagaya ɗakin da ita ina jan ƙarfen ƙarin ruwa a baya, har ma'aikaciyar jinya ta shigo ta yi mini faɗa ta mayar da ni gado.

Ta ce, "Ba ki taɓa gaya mini ba."

Na ce, "Ba ki taɓa tambaya da Hausa ba."

Ta kifa kanta a cinyata, ɗaurin ɗankwalin da aka sha wahalar kafawa ya warware ya zame ƙasa. Wata ta sunkuya za ta ɗaga ta, wai ango yana jira, ana son hoto. Na ɗora hannu a kan ɗiyata na ce a bar ta, ango ya jira.